Ina so in haɗa wa betta (wani ƙaramin kifin ado) ɗaya tanki mai tsirrai na gaske, daga ina zan fara?

Sabon_shiga:
Slm jama'a. Na sayi tankin gilashi mai cin lita 20, ina so in sa betta namiji guda ɗaya kawai amma da tsirrai masu rai ba na roba ba. Kifin ban saya ba tukuna. Wani ya ce min betta ko a kwalba ma yana rayuwa, ba sai na sa filta ko hita ba, to gsky ne? Kuma waɗanne tsirrai ne ba sa saurin mutuwa? Ngd

Mai_kifi:
Wslm ɗan uwa, ka yi dabara da ba ka sayo kifin ba, don Allah ka ƙara haƙuri. Maganar kwalba dai dalilinta shi ne betta yana da wata gaɓa da yake shaƙar iska kai tsaye daga saman ruwa, shi ya sa yake jure ruwa mara iskar oksijin, amma jurewa daban lafiya daban, kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, wata guba a cikin ruwa, kuma ita ke ƙona masa gil ɗinsa (gaɓar da kifi ke numfashi da ita cikin ruwa) a hankali. Abin da za ka yi, ka cika tankin, ka sa maganin cire kulorin, ka kunna filta ka bar ta tana aiki dare da rana, kana ɗan jefa abincin kifi kaɗan har bakteriya masu amfani su zauna a soson filtar, su ne ke maida amoniya naitirait (nitrite, shi ma guba ne) sannan su maida shi naitireit (nitrate) wanda tsirrai ke sha. Yakan ɗau sati 4 zuwa 6. Ka nemi kayan gwajin ruwa, sai amoniya da naitirait sun nuna 0 ka sa kifin. Filta kuma ta soso ka saya, don jelar betta doguwa ce, ruwa mai ƙarfi yana wahalar da shi sosai har ka ga ya lafe a lungu ya ƙi fitowa.

Uwar_tsirrai:
Ni kan tsirrai zan yi magana. Anubias da Java fern, su ne na masu farawa, ba sa son haske da yawa. Amma kar ka binne karan nan mai kauri da ganye ke fitowa a jikinsa, in ka binne shi ruɓewa zai yi, ɗaure shi za ka yi da zare a jikin itace ko dutse, saiwar da kanta za ta kama. Cryptocoryne kuwa a ƙasa ake shuka ta, kuma in ka ga ganyenta sun narke a satin farko kar ka tumɓuke, sabbi za su fito. Ka ƙara masu yawo a sama irin salvinia, betta na son inuwa, sai dai ka bar masa fili ya leƙo ya sha iska. Fitila awa 6 zuwa 8 ta isa, in ta wuce haka gansakuka za ta cinye maka gilashi.

Sabon_shiga:
Allah ya saka da alheri yaya. Hitar fa? Ɗakina ba sanyi sosai.

Mai_kifi:
Asalinsa daga Tailan yake, ruwan gonakin shinkafa mai ɗumi, yana son digiri 25 zuwa 27. Ka sa ma'aunin zafi ka duba da asuba, ba da rana ba, in yana sauka ƙasa da 24 to ka sa ƙaramar hita mai wat 25 ko 50. Kuma murfi dole ne wlh, betta yana tsalle. Bayan ya shiga ka riƙa canza kusan kwata na ruwan duk sati, soson filtar kuma a ruwan da ka kwasa za ka wanke shi, ba a famfo ba.