Sitika na cinyewa kafin zane ya zauna a gilashi

Mai gilashi, Mabera:
Assalamu alaikum. Sana'ata zane a gilashin ƙofa da taga da feshin yashi. Makon jiya aka kawo mini rubutun ajami a gilashi mai kaurin milimita 6. Na yanka haruffan a sitika, wato robar da ke rufe inda ba a son yashi ya ci, na manna, na fesa. Da na ɓare, manyan haruffa sun fito tas, ƙananan kuwa bakinsu kamar ɓera ya gwaguya, kuma ba su kai zurfin manyan ba alhali tare na fesa su. Gilashi biyu na yi asara. In ninka sitikar ne, ko in koma farantin ƙarfe mai yankakkun haruffa a madadinta?

Ɗalibin injiniya, Dundaye:
Wa alaikumus salam Malam. Fara duba yadda kake riƙe bakin feshin. Gilashi ya fi ciwuwa idan ƙwayar yashi ta sauko masa a tsaye, digiri 90, ta tsaga shi ta ɓantari ɗan yanki. Roba irin ta sitikarka akasin haka take: a tsaye ƙwayar sai ta yi tsalle ta koma, a karkace ne take yankar ta. Da ka karkata hannu, sitikarka kake ci.

Zurfin kuma ba laifinka ba ne. Ramin yana tsukewa ta ƙasa kamar bakin garma, gefunansa su karkace, yashi ya riƙa zamewa, siririn layi ya riga mai faɗi daina zurfi. Masu haƙa ƙananan hanyoyin ruwa a gilashin ɗakin gwaji da garin alumina, wani gari mai tauri da ake fesawa a madadin yashi, mai girman maikiron 25 (maikiron dubu ne milimita ɗaya), ma da wannan suke fama, sai sun lissafa shi a kwamfuta. Kada ka ninka sitikar, kaurinta zai tare ƙwayoyin a bakin harafi.

Tsohon hannu, Runjin Sambo:
Yaron nan ya faɗi gaskiya. Ƙarfe kuwa manta da shi, ba ya kwanciya sosai, yashi ta ƙarƙashi yake shiga. Goge gilashin da sifirit, ka manna da sassafe. Zafin Sakkwato da rana narkar da gam yake. Yashin gulbi ka tankaɗe shi, ka kuma rufe hancinka da kyau, ƙurarsa huhu take lalatawa.

Mai gilashi, Mabera:
Na gode Baba. Wallahi da azahar na manna, a bakin shago. Akwai guntun gilashi, gobe zan gwada a kansa. Aluminar nan, ana samunta a nan ko sai an aika Kano?