Neman kalmar Hausa: me za mu kira "maisel" kafin Asabar?

'Yar Aboabo: Salamu alaikum. Ranar Asabar zan shiga shirin Hausa na wani gidan rediyo a nan Kumasi, kan bincikena a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta garin nan. Sinadaran wanki muke aunawa da na'urar NMR, wadda ke nuna tsari da motsin ƙwayoyin sinadari. Ƙwayar sabulu kamar talibambam take: kai na son ruwa, wutsiya na gudunsa, maiƙo take so. In suka yi yawa a ruwa sai su taru, wutsiyoyi ciki, kawuna waje. Taron nan shi ne maisel. A wani sinadarin wanki da ake kira SDS, taruwar tana farawa in yawansa ya kai wajen milimol 8 a litar ruwa, ƙwayoyi kusan 60 ke haɗuwa. Masu dafa sabulun salo ne za su saurara, har da mahaifiyata, ba na son in yi musu Turanci.

Malamin Asawase: Wa alaikumus salam, 'yata. Curi. Kamar curin fura.

Ɗan Sawaba: Malam, curin fura ciki da waje duk gero ne. Wannan kuwa yana da tsari. Ni ƙawanya na zaɓa, tunda maiƙo suke yi wa ƙawanya su ɗauke shi daga jikin tufa.

'Yar Aboabo: Yaya, ko babu maiƙo suna taruwa. Abin da na'urar ke nuna mana ke nan: a ruwa zalla, da an wuce wancan ma'auni na milimol 8 sai yawon ƙwayoyin ya ragu, don taro ya fi ɗaiɗai nauyin tafiya, alamar da haidurojin na jikin ƙwayoyin ke ba na'urar ma ta ɗan gusa.

Malamin Asawase: To ga wadda ta fi: ɓoye-wutsiya. Ginin Hausa ne tsantsa, kamar faɗi-tashi. Ita NMR kuma, amsa-kuwwar maganaɗisun nukiliya.

Hajiyar Kejetia: Malam, don Allah a cire nukiliya. Mata za su ɗauka bam ake haɗawa da sabulu.

Ɗan Sawaba: Gaskiyar Hajiya. Asibitoci ma saboda wannan tsoron suka yar da kalmar, sunan na'urarsu ta ɗaukar hoton cikin jiki ya zama MRI, alhali tushen ɗaya ne da NMR ɗin da masana kimiyya Bloch da Purcell suka gano a 1946. Cibiyar atam ake nufi da nukiliya a nan. Kuma wa ke cewa maganaɗisu a Zango? Maginet muke cewa.

Malamin Asawase: Abin da ke ci mini rai ke nan. Kalma na nan a ƙamus, mu bar ta mu ɗauki ta Bature. Shi ya sa mutanen Kano ke kiran Hausarmu Gananci, suna cewa ba mu raba "ya zo" da "ta zo".

Hajiyar Kejetia: Su faɗa. Da wannan Hausar kakanninmu suka yi fataucin goro tun daga Salaga. Maganaɗisun ma ai daga Larabci ya zo, sabulu haka.

Malamin Asawase: Aron da ya shekara ɗaruruwa ya zama ɗan gida, Hajiya. Ɓoye-wutsiya dai nake kai.

Ɗan Sawaba: Malam, kare ne ke ɓoye wutsiya in ya ji tsoro. Da an faɗa a rediyo hankali zai tafi can.

'Yar Aboabo: Na karanta wa mahaifiyata duka ukun. Ta ce dunƙule. Ta ce in toka ta haɗu da man kaɗanya a tukunya, haka suke cewa, ya dunƙule. Ba abu ɗaya ba ne da maisel, amma kalmar ta shiga kunnenta nan take. Zan ce dunƙulen sabulu, in bi da bayanin kai da wutsiya. Na'urar kuma zan kira ta NMR sau ɗaya, sannan in ce mai sauraren cibiyar atam cikin maganaɗisu.

Malamin Asawase: Dunƙule da curi ai ɗanjuma ne da ɗanjummai. Na yarda don Asabar kawai, tunda kin bar mini maganaɗisu. In za a rubuta a littafi, a dawo da maganar.

Ɗan Sawaba: Saura ma'aunin nan na milimol 8, inda dunƙulewar ke farawa. Shi me za ki ce?

'Yar Aboabo: Ban samu ba tukuna, yaya. Ƙofar dunƙulewa ta yi?