Azarar zaure ta ci ruwa, wai ifoksi na gyara ta?

Baban Ummi: Salamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nike nema. Zauren gidanmu na gado nan Ƙofar Sauri, azara biyu bakinsu da ya shiga cikin bango ya ruɓe, in ka sa yatsa sai ya nutse kamar burodi, amma tsakiyarsu lafiya lau. Wani yaro ya ce mani akwai gam mai suna ifoksi da ake ɗurawa. Gaskiya ne ko labari?

Kafinta Marusa: Wa alaikumus salam Alhaji. Gaskiya ne, dangin Araldite ne da muke liƙa abubuwa da shi, ruwa biyu ne ake haɗawa, gam ɗin da kuma mai sa shi ya daskare. Amma kafin komi, mi ya jiƙa azarar?

Baban Ummi: Indararo ne ya tsage tun daminar bara, ruwan Agusta ya riƙa bin bango.

Kafinta Marusa: To nan za a fara. In ba a gyara indararo ba asarar kuɗi kurum za kai.

Injiniya: Haka ne Oga. Kuma Alhaji ka tokare rufin da itace mai ƙarfi kafin kowa ya taɓa wurin, rufin ƙasa nauyi gare shi ba wasa ba. Sannan a kankare duk ruɓaɓɓen da cizal har a iske lafiyayyen itace, a bar shi ya bushe ƙayau, don ifoksi bai kama jiƙaƙƙen itace, in ka rufe danshi a ciki ma ruɓar ci gaba za ta yi ba ka gani. Yanzu da hunturu ya shigo shi ne lokacinshi. Iri biyu ne, akwai mai ruwa-ruwa da ake huda ƙananan ramuka a ɗura da sirinji itacen ya sha, akwai mai kauri na cike gurbi, wasu na kwaɓa shi da garin katako. In bakin ya tafi gaba ɗaya sai a yanke, a kawo sabon guntu, a huda su biyun a zura rodi a cika ramin da gam, rodin ke ɗaukar nauyi.

Maman Sadiq: Ni dai firam ɗin ƙofar kicin ɗina aka yi wa, gara ta cinye ƙasanshi, shekara biyu kenan bai motsa ba. Sai dai inda rana ke bugu ya koma ruwan ɗorawa.

Injiniya: Rana ce Hajiya, bai son ta, a shafa fenti bisa.

Ɗan Daura: Mu fa a nan baƙin mai muke shafawa, gara ko kusa ba ta zuwa 😂

Kafinta Marusa: Kai ɗan Daura kar ka ɓata ma Alhaji aiki! Duk inda baƙin mai ya taɓa gam ba zai kama ba har abada, ni na taɓa yi a wata rafta washegari na ɓamɓare shi da farce. In maganin gara za a sa, a sa na ruwa irin mai boraks ya bushe tukuna. Kuma a kwaɓa kaɗan-kaɗan daidai awon da ke jikin gwangwani, wani ɗaya da ɗaya ne wani biyu da ɗaya, kar a yi da ka. In ka kwaɓa da yawa a kofi zafi yake ɗauka har ya yi hayaƙi ya sandare maka a hannu, musamman da rana tsaka. Da safe ake aikin, a sa safar hannu.

Malam Magini: Ku yi haƙuri yara, ni tsohon hannu ne. Azara giginya ce, zare-zare gare ta, ba kamar katako ba, kuma gara ba ta cika cinta ba sai ruwa ya fara lalata ta. In biyu ce kurum, a tokare a zare a sa sabbi, ina jin sai ya fi arha bisa gam ɗin nan da ake sayarwa ɗan mitsitsi.

Injiniya: Baba ban musa ba. Inda ifoksi ke da rana shi ne in zare azarar zai sa a fasa daɓe ko zanen da ke jikin silin ɗin.

Baban Ummi: Ai shi ne damuwar, akwai zanen da kakanmu ya sa aka yi, ba mu son ya taɓu. Baba ko za ku leƙo ku da Injiniya ranar Asabar bayan la'asar?

Malam Magini: In Allah ya kai mu. Ka sa a tokare tun yau, kuma a hana yara kwana a zauren.