Idan C3 ya faɗi a kumburin ƙoda: me kuke gani a wajen aiki?

Likitan yara: Abokan aiki, mu haɗa abin da muke gani game da komfilimen, wato rukunin furotin na jini da ke taya garkuwar jiki yaƙi da ƙwayoyin cuta; C3 da C4 biyu ne daga cikinsu da ake aunawa. Yaro ya zo fuska a kumbure, fitsari kamar baƙin shayi, jini ya hau. Ka tambayi uwa: ya yi ciwon maƙogwaro mako 1 zuwa 3 da suka wuce, ko ƙurajen fata masu ruwa mako 3 zuwa 6? In kumburin bayan ƙwayar sitiref ne (ƙwayar cutar da ke kawo wannan ciwon maƙogwaro da ƙurajen), za ka tarar C3 ya sauka, C4 kuma yawanci lafiya lau. Kada a sallame shi ba ranar dawowa. C3 kan koma daidai cikin mako 6 zuwa 8. In ya haura mako 12 yana ƙasa, a nemi a ɗebi tsokar ƙoda a duba.

Likitan ƙoda: Haka ne, Likita. Galibi a nan ake gano cutar tarin C3 a matatun ƙoda, inda ɗaya daga hanyoyin tayar da komfilimen ke ta aiki ba birki, ko don matsalar fakta H (furotin ɗin da ke taka mata birki), ko don wani furotin na garkuwar jiki da ke hana sinadarin da ke sara C3 lalacewa. In mai ita ya wuce shekara 50, a nemi furotin ɗin da ba na ƙa'ida ba daga ɓargo.

Idan kuwa C3 da C4 suka faɗi tare, lufus ne farkon zato (cutar da garkuwar jiki ke juyawa ta yaƙi jikin mai ita), a haɗa da gwajin jini na anti-dsDNA da ke taimakawa wajen gano ta. C4 ya yi ƙasa ƙwarai alhali C3 bai taɓu sosai ba, a nemi kirayogulobulin (furotin na jini da ke dunƙulewa in ya yi sanyi) da ciwon hanta nau'in C. Mai zazzaɓi da sabuwar ƙara a zuciya, a shuka jininsa, wato a gwada ko ƙwayar cuta za ta tsiro a ciki, kafin a taɓa sitiroyid, maganin da ke danne garkuwar jiki. Komfilimen na daidai kuma bai wanke ƙoda ba: a cututtukan ƙoda na IgA, ANCA da anti-GBM (sunayen furotin na garkuwar jiki da ke da hannu a cikinsu) yawanci ba ya sauka.

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji: Likitoci, ku taimaka mana da samfur. CH50, gwajin da ke auna aikin komfilimen gaba ɗaya, ba ya jure jira. A raba ruwan jinin cikin awa ɗaya, a daskarar a digiri 70 ƙasa da sifili. In ya yini a kan tebur, zai nuna ƙarancin ƙarya. Na kirayogulobulin akasin haka ne: a riƙe kwalbar a digiri 37 har a raba, in ta huce furotin ɗin ya kwanta tare da gudan jini, sakamako ya fito babu.

Likitan mata: Juna biyu na ɗaga C3 da C4. Mai lufus da ciki, C3 nata zai iya zamewa daga 150 zuwa 100 yana nan cikin iyakar da ake ɗauka daidai, 90 zuwa 180 mg/dL. A auna tun farkon ciki, a riƙa gwada sabo da tsoho.