Don Allah a ba ni shawara: kwana 3 da fara tirenin, jikina ya ƙi komawa daidai

Ɗan Runjin Sambo: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, raina ne a jagule. Shekarata 29, ina da shagon waya da POS, daga 8 na safe har 9 na dare a zaune nake, sallah kaɗai ke tashina. An sa ranar aurena bayan Babbar Sallah. Makonni uku da suka wuce na je zance, ƙanwar yarinyar, wata 'yar JS2 da ba ta da ta-ido, ta kawo min ruwa ta dubi cikina ta ce, "Yaya, wata nawa ne?" Kowa ya fashe da dariya har da ita wadda zan aura, har tana riƙe ciki. Na yi dariyar yaƙe amma wallahi ranar ban yi barci ba. Kashegari tela ya auna ni ya ce in ƙaro yadi. Na hau sikeli a kemis, kilo 94. Ni da nake 70 lokacin da na gama hidimar ƙasa.

To shi ne na shiga cikin wasu samari da ke tirenin kusa da filin wasa na Giginya bayan La'asar, na biya kuɗin wata guda. Ranar Asabar muka zagaya fili sau 8 da gudu, aka sa mu tsallen kwaɗo, sannan tashi-zauna 150. Na yi amai a bayan wata bishiya amma na koma na ƙarasa, don akwai yaro ɗan 17 a gabana da ko haki ba ya yi. Lahadi na sake zuwa. Yau Talata. Cinyoyina sun kumbura sun yi tauri kamar itace, ba na iya tsugunawa a bayi sai na dafa bango da buta, sallah a zaune nake yi, kabu-kabu ma sai da mai mashin ya kama ni na hau. Ga jiri in na miƙe, ga tashin zuciya. Abinci dai ina taɓawa. Tambayata, me zan ci ƙarfina ya dawo in koma ranar Alhamis? Don Allah kada wanda ya ce in daina, na riga na biya.

Tsohon Gola: Wa alaikumus salam. Ƙanena kwantar da hankalinka, tsamin jiki na, ba komi ba. Shekara 14 ina tsaron gida, abin da munka gani ku ɗiyan yanzu ko rabinai ba ku gani ba. Lactic acid na, wani sinadari da tsoka ka fitarwa in ta yi aiki, ya taru ma ga cinya, kuma maganin tsami shi na ƙarin tsami. In ka kwanta ka lalace. Gobe ka tashi ka yi gudu ko zagaye 3, ka dawo ka sha hura mai kauri da nono, ka ci ƙwai 10, ka samu balangu na dare. A dama ma kanwa kaɗan ka sha. Mu da munka yi wasa cikin rana tsaka ga watan azumi ba mu mutu ba, kai mi za ya same ka?

Maman Biyu: Ƙwai 10? Malam ka san nawa ake sayar da kiret yanzu kuwa? Ni dai wannan maganar tumbi ta taɓa min inda ke min ƙaiƙayi. Maigidana tun bara ya sayo takalmin gudu da wando da wata kwalbar ruwa mai tsada, sau biyu ya fita. Yanzu takalmin yara ke wasa da shi, shi kuma in ya dawo sai ya ce ni ce nake cika masa mai a miya. Ni na ce ka ci malmala uku? Aƙalla kai ka motsa, Allah ya ba da lafiya.

Malamar Jinya: Ƙanena, kafin maganar abinci, amsa min abu uku. Yaya kalar fitsarinka, kuma sau nawa ka yi tun safe? Wane magani ka sha? Me ka ci ranar Asabar kafin ka fita?

Ɗan Runjin Sambo: Anti na gode. Ranar Asabar ruwan ɗumi da lemon tsami na sha da safe, da rana biskit da lemon kwalba. Dama sati 2 ke nan na bar tuwon dare, kuma ina ganin amfaninsa don wandona ya ɗan saki. Kuma na sa leda a cikin riga don gumi ya fita sosai, kowa a wurin haka yake yi, ba ni kaɗai ba. Magani, yaron kemis ya haɗa min diklofenak da ibufurofen, safe da dare. Oga Tsohon Gola, hurar da sukari ko babu?

Ɗalibin Ɗanfodiyo: Da girmamawa ga Baba Tsohon Gola, maganar lactic acid ɗin nan an daɗe da barinta. Shi cikin kamar awa guda bayan an tsaya jiki ke kawar da shi. Tsamin da ke zuwa daga baya daga ƙananan yagewa ne a cikin tsoka, shi ya sa ya fi tsanani tsakanin awa 24 zuwa 72, sannan ya fara sauka da kansa.

Yayana mai tambaya, ga inda ka cuci kanka. Jiki na ajiye sukari a matsayin gilaikojin, wajen giram 100 a hanta, wajen 400 a tsoka. Shi ne man da ake ƙonawa a gudu. Ka yi sati 2 kana rage abinci, ka shiga fili da tanki a ƙasa, dole ka ga jiri da amai. Leda kuwa ba kitse take fitarwa ba, ruwa da gishirin jikinka ne, kuma tana hana gumi bushewa, alhali bushewar gumin ce ke sanyaya mutum. A Sakkwato, a watan Afrilu, zafi na haura digiri 40! Jiki na buƙatar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba aiki cikin zafi, a hankali ake shiga. In ka auna kanka kafin tirenin da bayansa, duk kilo 1 da ya ragu kusan lita 1 ce ta ruwa, sai ka mayar da lita ɗaya da rabi. Bayan tirenin abin da ake so sitaci da abin gina jiki tare: fura da nono, shinkafa da wake, ƙosai da kunu, awara. Furotin, wato abin gina jikin, giram 20 zuwa 30 a zama ɗaya ya isa, ƙwai guda na da wajen giram 6, wato 3 ko 4 da nono sun wadatar, ba 10 ba. Ka ƙara da dabino da ayaba da kankana. Ruwa kuma ka haɗa na gishiri da sukari: fiya wata 2, wato lita 1, ƙaramin cokalin sukari 6 a shafe, rabin ƙaramin cokalin gishiri. Ko ka sayi ORS na leda a kemis.

Tsohon Gola: To ga ɗan boko ya zaka da giram-giram. Ɗana, ka taɓa tare bugun fenariti? Littahi daban, fili daban. Kai da bakinka ka ce hura da nono, to mi nic ce? Kakanninmu sunka yi noma tun hantsi har la'asar bisa hura kaɗai, wa ya auna musu giram? 'Yan dambe da 'yan kokowa da kake gani, ORS suka sha? Ƙanena kada su ruɗa ka. Sukari kaɗan cikin hurar. Ledar ma ni ban hana ba, mun sa ta.

Malamar Jinya: Ƙanena, ka amsa biyu ka tsallake ɗaya. Fitsarin.

Mai Shayin Gawon Nama: Ni abin da ke ba ni haushi masu karɓar kuɗin mutane da sunan koci. Ƙanen matata haka wani ya karɓe masa kuɗin wata uku zai shirya shi shiga soja, sati biyu mutumin ya ɓace, wayarsa a kashe har yau. Kowa ya sayi usur ya zama koci. Wa ke duba su? Babu. Kai dai ka zo in haɗa maka shayi mai kauri da Indomie da ƙwai, ka ga aiki.

Ɗan Runjin Sambo: A'a kocinmu mutumin kirki ne, bai tilasta ni ba, ni na ce zan iya. Anti, maganar fitsari a zaure mai mata da manya ai da nauyi. Amma tunda kin matsa, ya yi duhu, kamar shayin da ba a sa wa madara ba. Yau sau ɗaya na yi, kaɗan. Sai dai na sha zoɓo jiya, ina ganin shi ne.

Malamar Jinya: Ba zoɓo ba ne, kuma kunya ba ta da wuri a nan. Ka saurare ni da kyau. Tsamin jiki na yau da kullum ba ya canza fitsari zuwa kalar shayi. Cinya a kumbure, rashin ƙarfi, fitsari mai duhu kuma kaɗan bayan aikin da jiki bai saba ba, waɗannan alamomin abin da likitoci ke kira rabdomayolisis ne. Tsoka ce ke farfashewa, wani sinadari da ke cikinta mai suna mayogulobin ya zubo cikin jini, ƙoda ta yi ta fama ta tace shi har ya toshe ta. Ba na cewa tabbas shi ne, daga waya ba a gane ciwo, amma ba abin da za a jira Alhamis ba ne. Ka tafi asibiti yau, sashen gaggawa, ka ce musu ga abin da ka yi, a yi maka gwajin CK, wato gwajin jini da ke nuna ko tsoka ta fashe, da na ƙoda da na fitsari. In shi ne, ƙarin ruwa ta jijiya ake yi, wani lokaci kwanaki, kuma wanda ya zo da wuri yawanci yana warkewa sarai.

Diklofenak da ibufurofen ɗin nan ka ajiye su yanzu. Dangi ɗaya ne, ba a ma haɗa su, kuma suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, ga ka ba ruwa a jiki. Kanwa kada ka sha. Ɗalibi, bayaninka daidai ne ga mai lafiya, amma ayaba da dabino a dakata tukuna, don suna da sinadarin fotashiyam da yawa: in tsoka ta fashe fotashiyam na hawa a jini, in ƙoda ba ta fitar da shi yana taɓa bugun zuciya. Tambaya ta ƙarshe, tunda aure za ka yi, kun yi gwajin jinotayif?

Ɗalibin Ɗanfodiyo: Gaskiya ne Anti, ban san da maganar fitsarin ba lokacin da na rubuta. Na janye ayaba. Yayana ka bi maganarta.

Ɗan Runjin Sambo: Mun yi. Ni AS ne, ita AA, don haka ba matsala a aurenmu, kada a fara wata magana. Ni ba sikila ba ne, ban taɓa kwanciya asibiti ba tunda aka haife ni.

Malamar Jinya: Ba wanda ya taɓa aurenka. Kusan mutum 1 cikin 4 a Najeriya AS ne kuma lafiyarsu ƙalau. Amma an san mai AS ya fi shiga haɗarin wannan fashewar tsoka in aka haɗa aiki mai tsanani da zafi da ƙishirwa. Ka ƙara min dalili ne, ba ka rage ba. Ka gaya wa likitan wannan ma.

Tsohon Gola: Hajiya, da girmamawa, ku ma'aikatan asibiti komi kunka gani sai ku ce gado. Mutum ya yi tuntuɓe, gwajin jini. Ni fitsarina ya sha yin ja bayan wasa, in sha ruwa randa guda, da safe ya washe. Ga ni yau shekara 52, ƙodata biyu suna nan. Ku bar tsorata yaro ga aure gabanai. Ƙanena sha ruwa da yawa, jarka guda in ka iya, ka ci nama, ka kwana. In ba ka warke ba ka kira ni maƙaryaci.

Ɗalibin Ɗanfodiyo: Baba, jarkar ruwa zalla a lokaci ɗaya ma haɗari ce, tana tsinka gishirin jini, balle ga wanda fitsari ba ya fita.

Tsohon Gola: Yanzu ruwa ma ya zama guba. Allah ya kyauta.

Baban Yara: Ni ina ganin zazzaɓin cizon sauro ne ya ɓuya, gudun ya taso da shi. Haka ya yi min bara. Kuma batun asibiti da sauƙin faɗa. Watan jiya na kai tsohuwata wani asibiti tun 7 na safe, kati kawai sai da muka kai Azahar, gwaji aka ce mu fita waje mu yi, muka dawo likita ya tashi. Talaka ya yi yaya?

Maman Biyu: Wallahi Baban Yara ka faɗi gaskiya, ni haihuwar 'yan biyuna abin da na gani sai Allah. Amma dai ƙanena ka je, amarya gara ta same ka da tumbi.

Ɗan Runjin Sambo: Na gode duka, kowa na ji nasa. Matsalar ita ce yau yaron shagona bai zo ba, ga kuɗin mutane a POS, ba zan rufe in tafi in zauna layi ba. Kuma kuɗin da ke hannuna na kafinta ne, Juma'a zan ba shi cikon na gado. In aka kwantar da ni labari zai kai gidansu yarinyar, a ce ango ba shi da lafiya, kun san mutanenmu. Maganin kemis na ajiye na rana, sai dai na dare don in samu barci. Na aika a sayo min fura da ORS. Zan duba zuwa gobe, in bai washe ba sai in san abin yi. Ledar dai zan cire ranar Alhamis.

Malamar Jinya: Na daren ma kada ka sha. Kuma babu wata Alhamis. Rufe shagon, kira ɗan'uwanka ya kai ka. Kafinta zai jira.

Tsohon Gola: Alhamis in Allah ya so ni ma zan leƙo filin in ga wanga koci naku. Ka zo da dabino.

Malamar Jinya: Ƙanena, ƙarfe 9 ta wuce. Ka je?

Malamar Jinya: Akwai wanda ya san shagonsa a Runjin Sambo?

Mai Shayin Gawon Nama: Masu POS a Runjin Sambo ai sun fi a ƙirga, Hajiya. Ɗalibi, wannan haɗin gishiri da sukarin, cokali 6 ɗin na shayi ne ko na cin shinkafa?