Tafiya karatu Ingila: nawa zan tanada bayan kuɗin makaranta?

Ɗan Zazzau ya rubuta:

Assalamu alaikum. Na samu gurbin digiri na biyu a wata jami'a da ke arewacin Ingila, kuma da taimakon Allah da na 'yan'uwa an haɗa kuɗin makaranta. Abin da ya rage yana hana ni barci shi ne kuɗin zama. Na ga ana buƙatar mutum ya nuna wani adadi a asusunsa na banki kafin a ba shi biza, to shin wannan adadin zai riƙe ni har in kammala, ko kuwa in sa rai da aikin da aka ce ɗalibai suna yi? Ina roƙon waɗanda suka riga mu zuwa su faɗa mini gaskiya, domin wani ɓangare na kuɗin nan daga sayar da filin mahaifiyata ya fito.

Yayanku a Bradford ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanina, Allah ya sanya alheri. Adadin da ake nema a farkon 2025 shi ne fam 1,136 a kowane wata ga wanda zai zauna a wajen Landan, da fam 1,483 ga na Landan, har na wata tara, kuma sai kuɗin sun kwana 28 a jere a asusun. Ka duba shafin gwamnatinsu kafin ka cike takarda, domin suna ƙara shi lokaci zuwa lokaci. Amma wannan lissafi ne na ofishin biza, bai san abin da wata biyun farko ke ci ba.

Tun kana gida za ka biya harajin lafiya, fam 776 a shekara ga ɗalibi, kuma da yake bizar digiri na biyu takan zarce shekara ɗaya, yawanci na shekara ɗaya da rabi ake karɓa. Ga kuɗin bizar kanta, ga gwajin tarin fuka, ga tikitin jirgi. Idan ka sauka kuma sai mai gida ya nemi kuɗin ajiya, wanda doka ta taƙaita shi ga hayar mako biyar, tare da hayar watan farko. Ni da na zo ba ni da wanda zai tsaya mini a ƙasar, sai aka ce in biya wata shida a dunƙule, na tsaya a bakin ƙofa da akwatuna biyu ina lissafi da naira a wayata har hannuna ya ƙage saboda sanyi. Ɗakin da na samu babu bargo, babu tukunya, babu ko cokali, kuma waɗannan ƙananan abubuwa ne suka cinye abin da na ware na abincin wata guda.

Maman yara, Coventry, ta amsa:

Ɗan'uwa, ni kan maganar aiki zan tsaya. An yarda ɗalibi ya yi awa 20 a mako lokacin da ake karatu, kuma mafi ƙarancin albashi a Afrilun 2025 fam 12.21 ne a awa ga mai shekara 21 zuwa sama. A takarda wannan ya haura fam dubu a wata, sai dai babu wanda ya yi maka alkawarin awa 20 ɗin. A watan Satumba dubban ɗalibai ne ke sauka a gari ɗaya, duk suna neman aikin sito da na gidajen kula da tsofaffi, kuma ko ka samu, sau da yawa sai ƙarshen wata za ka ga albashin farko. Ka yi kasafinka kamar ba za ka samu ko sisi ba har wata uku, kuma kada ka kuskura ka haura awa 20 ɗin, domin yana iya jawo a soke bizarka.

Abin da zai sauƙaƙa maka shi ne girki. Manyan shagunan Aldi da Lidl sun fi araha, nama kuma ka je shagunan halal ka saya da yawa ka raba a firiza. Ka taho da yaji da kuka da kuɓewa busasshiya, amma ka bar kilishi a gida, ba a yarda a shigo da nama ba. Ka nemi ɗakin da kuɗin wuta da gas ke cikin haya, saboda daga Nuwamba zuwa Maris hita ce ke cinye aljihu. Sannan ka karɓi takardar shaidar ɗalibta daga jami'a, da ita za a ɗauke maka harajin ƙaramar hukuma.

Yayanku a Bradford ya ƙara da cewa:

Hajiya ta yi gaskiya. Na manta da canji: waɗanda suka zo kafin Yunin 2023 suka bar kuɗinsu a naira sun ga yadda darajarsa ta zube da fiye da rabi cikin 'yan watanni, wasu har suka kasa cika kuɗin makaranta. Da zarar ka buɗe asusu a nan, ka mayar da abin da za ka iya zuwa fam. Kuma ka zauna da mutanen gida tun yanzu ka shaida musu cewa shekarar farko ba ta aike ba ce, domin ranar da aka ga hotonka cikin rigar sanyi za a fara kiran waya.

Ɗan Zazzau ya amsa:

Na gode ƙwarai, Yaya da Hajiya, Allah ya saka da alheri. Na sake lissafin daren jiya, na ga akwai giɓin da ban taɓa sa shi a ciki ba, don haka zan fara neman ɗakin jami'a maimakon na haya a gari. Maganar aike kuwa, da Hajiyarmu zan fara yi gobe in Allah ya kai mu, ita ce za ta iya faɗa wa sauran.