Abin da tattaunawarmu ta tara kan ƙa'idojin kula da tamowa da shayarwa

Na bi bayanan da aka yi a tattaunawarmu kan yadda ake gane tamowa a yara, da jinyarta, da shayar da jarirai, ga inda aka tsaya.

1. Kowa ya yarda a riƙa auna kaurin damtsen yaro daga wata 6 zuwa 59. Ƙasa da santimita 11.5, ko kumburin ƙafafu biyu, tamowa ce mai tsanani.

2. Yaron da ke iya cin abinci kuma ba shi da wata cuta, a ba shi RUTF, wato haɗin gyaɗa na musamman da ake ba masu tamowa, da maganin ƙwayoyin cuta amoxicillin, ya yi jinya a gida. Wanda ya ƙi ci ko ya galabaita, a kwantar da shi a asibiti, a fara da madarar F-75, wato madara ta musamman ta farkon jinyar tamowa, sannu a hankali. Gaggawar ɗura abinci tana iya kashe shi.

3. Nono zalla har wata 6, ko ruwa ba a haɗawa. A nan aka fi daɗewa, domin kakanni da yawa suna zubar da dakashi, suna ba jariri ruwa idan zafi ya tsananta. Shawarar da ta fi burge ni: a zauna da kaka da miji, kada a bar uwa ita kaɗai da nasiha. Idan jariri bai kai wata 6 ba kuma yana ramewa, a duba lafiyar uwar da yadda yake kama nono.

4. Inda aka rabu: ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) na 2023 sun amince ma'aikatan lafiya na ƙauye su yi jinyar tamowa idan sun samu horo da sa ido. Wasu sun yi maraba saboda nisan asibiti, wasu suna tsoron a kasa gane yaron da ke buƙatar a kwantar da shi a asibiti.